Fuskar Garrity a Shafi na Bakwai

Akwai wani mai zane a New York, shekaru kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sunansa Dominik Varga. Sana'arsa zana littattafan labari cikin hotuna, irin na sent goma da ake sayarwa a bakin titi: 'yan fashi, 'yan sanda, harbi da jini.

A wannan sana'a mutum biyu ke fitar da shafi. Na farko ya zana da fensir, na biyu ya bi layin da baƙar tawada, domin fensir ba ya fitowa a wurin bugu. Dominik ne mai fensir. Mai tawadarsa wani baƙar fata ne daga unguwar Harlem, Otis Pell, ɗan shekara hamsin da 'yan kai, mutum mara yawan magana. Shekara shida suna aiki a ɗaki ɗaya a hawa na huɗu, ƙarƙashin wani edita, Mista Blumberg.

Dominik gwani ne, kuma ya san shi gwani ne. Idan ya zana naushi, mai karatu sai ya shafa muƙamuƙinsa. Sirrinsa shi ne ba ya ƙirƙirar fuska. Yana yawo da ɗan littafi a aljihu, duk inda faɗa ya kaure sai ya tsaya gefe yana zanawa. Wanda kuma ya ɓata masa rai, mai gidan haya ne ko direban tasi, to a labari na gaba za a jefo shi daga bene.

Ba ya duba littafin bayan an buga. Ya ce takardar mai arha ce, tana ɓata masa aiki. Shi ya sa bai taɓa lura cewa babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya gane kansa ba. Otis ne yake ƙara wa wannan gashin baki, ya rage wa wancan hanci, ba tare da ya gaya masa ba.

Wata safiya a watan Maris, Dominik ya je tashar jiragen ruwa ta Brooklyn neman fuskoki. 'Yan dako kusan ɗari biyu sun yi cirko-cirko, shugabansu Garrity yana nuna waɗanda za su yi aikin ranar. Garrity ƙato ne, rabin kunnensa na hagu babu, hancinsa ya karkace dama.

Wani ɗan dako ya matso ya ce, "Mista Garrity, kwana tara ke nan ba ka kira ni ba. Ina da yara."

Garrity ya zaro ƙugiyar jan kaya daga ɗamararsa, ya buga wa mutumin bayanta a gwiwa. Da ya durƙusa, ya ƙara masa a baki. Haƙora biyu suka faɗo a kan katako. Yaran Garrity suka sa ƙafa suka ci gaba daga inda ya tsaya, har mutumin ya daina kare kansa. Mutum ɗari biyu suka sunkuyar da kai. Dominik kaɗai ne yake kallo, fensir na gudu a hannunsa.

Cikin mako guda ya gama labari mai shafi takwas. Shafi na bakwai fuskar Garrity ce ta cike shi, ya durƙusa gaban 'yan sanda yana kuka yana roƙo. Dominik ya jefa wa Otis shafukan.

Bayan kwana biyu ya zo wucewa ta bayan teburin Otis, ya tsaya.

"Wannan wane ne?"

"Mugun labarinka," in ji Otis.

"Ina kunnen da ya gutsure?"

"Na gyara masa. Kyauta."

"Tun yaushe kake min haka, tsoho?"

"Tun mai gidan hayarka na farko." Otis ya ajiye buroshi. "Dom, shekara goma sha ɗaya na yi dako a tashar nan kafin in taɓa tawada. Na san mutumin nan tun yana ɗaukar buhu. Yaransa ba su iya karatu sosai ba, amma suna gane hoto. Ka bar masa kunnensa, ya bar maka hannunka."

"An ɗauke ka ne ka bi layi," in ji Dominik. "Ba a ɗauke ka ka yi tunani ba. Kare ma in an koya masa zai bi layi. Ba ni shafina."

Otis ya ɗora hannu a gefen takardar. "Tawadar ba ta bushe ba."

Akwai doguwar rula ta ƙarfe a kan teburin. Dominik ya ɗauke ta ya sara masa kaifinta a kan yatsu. Ya ɗaga ya ƙara. Sauran masu aiki a ɗakin sun ji ƙarar ƙashin. Kwalbar tawada ta kife, baƙi ya haɗu da ja a kan takardar. Otis bai yi ihu ba, ya dai danne hannun a hammata, gumi yana zubo masa.

Mista Blumberg ya fito daga ofis, ya dubi mai yatsu biyu a karye, ya dubi wanda littafinsa ya fi kowanne fita a kasuwa.

"Otis, je ka a duba maka hannun nan. Dom, jibi nake son shafukan."

Dominik ya sake zana shafi na bakwai, ya yi tawadar duka takwas ɗin da kansa. Bai bar komai ba, kunnen, hancin, har farin gashin da ke girar dama. A ƙasan shafin farko ya rubuta da manyan baƙaƙe: Zane da tawada, Dominik Varga.

"Ba ma sa suna a nan, ka sani," in ji Blumberg.

"Yau za mu fara."

Littafin ya fito a watan Yuni, ya ƙare a kasuwa cikin kwana goma. Kafin nan Otis ya dawo aiki, yatsun sun warke a karkace, an mayar da shi zanen gine-gine da motoci. A tashar jiragen ruwa kuwa wani ya yago shafi na bakwai ya manna a bangon wurin shan kofi. Mutanen da suka shekara suna sunkuyar da kai suka fara murmushi idan Garrity ya ba da baya.

Ranar wata Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe, mutum uku suka hau matakala, Garrity a gaba. Na ƙarshe ya kulle ƙofa, na biyu ya fizge wayar tarho daga bango. Blumberg ya buɗe baki zai tambayi lafiya, aka rufe masa shi da naushi, tabaransa ya faɗi ƙasa.

Garrity ya ajiye littafin a kan tebur, a buɗe.

"Wa ya zana ni?"

Babu wanda ya motsa. Ya fara zagaya teburan a hankali, yana kallon fuska bayan fuska. Da ya kusa isa wurin Dominik, Dominik ya yi magana.

"Ni fensir kawai nake yi. Fuska aikin mai tawada ne." Ya nuna Otis. "Shi."

Ɗaya daga cikin yaran ya damƙi wuyan rigar Otis, ya buga goshinsa a kan tebur, ya sake bugawa. Sannan ya ɗago kansa ya sa masa bakin ƙugiya a ƙarƙashin haɓa. Jini ya rufe wa Otis ido ɗaya. Kowa a ɗakin ya san cewa in an kashe baƙar fata a nan, binciken ba zai wuce yini ɗaya ba.

Garrity ya sunkuyo ya dube shi. "Na san ka. Pell. Tasha ta tara."

"Ta goma sha biyu, Mista Garrity."

"Kai ka yi wannan?"

"Da ni na yi," in ji Otis, "da ka fi haka kyau."

Garrity ya yi ɗan gajeren murmushi. Ya juya littafin zuwa shafin farko, ya tura wa Blumberg, ya sa yatsa a kan manyan baƙaƙen.

"Karanta min wannan, mai ofis."

Blumberg ya kawo takardar dab da idonsa, ya karanta da fasasshen leɓe. "Zane da tawada, Dominik Varga."

"Wane ne shi a nan?"

Ba wanda ya nuna shi. Dominik ne ya nuna kansa, domin ya zabura ya nufi ƙofa. Bai kai ba. Aka sa masa ƙafa ya faɗi, aka ja shi a ƙasa har gaban babbar durowar ƙarfe inda ake ajiye shafuka.

"Da wanne kake zane?"

Dominik ya miƙa hannun hagu.

Garrity ya kama hagun ya duba, ya saki. Ya kama daman, ya ga kantar riƙe fensir a babbar yatsar tsakiya, ya ga gefen tafin ya yi baƙi da fensir. Ya jawo aljihun durowar, ya sa hannun a bakin aljihun, yaransa suka danne Dominik. Ya tura aljihun da ƙafa, da dukkan nauyinsa. Ya jawo, ya sake. A na uku Dominik ya daina ihu.

Garrity ya ɗauki littafin ya naɗe ya sa a aljihu. "Ka iya kunne," ya ce, "wannan ban musa ba." Suka buɗe ƙofa suka sauka a tsanake.

Mutum shida ne a ɗakin, amma Otis ne ya fara tashi. Ya cire rigarsa ya ɗaure hannun, ya saɓa Dominik a kafaɗa kamar buhu, ya sauko da shi hawa huɗu ya tsayar da tasi. Da 'yan sanda suka zo, babu wanda ya tuna kamannin kowa. Likitoci sun yanke yatsa biyu. Sauran ukun suna nan, amma ba sa lanƙwasuwa.

Bayan wata bakwai Dominik ya dawo, ya rame, da shafuka huɗu a hammata. Da hagu ya zana su. Blumberg ya duba ya girgiza kai.

"Tunanin yana nan, Dom, amma layin rawa yake yi. Babu mai tawadar da zai bi wannan."

Dominik ya daɗe a tsaye a tsakiyar ɗakin. Sannan ya taka zuwa teburin Otis, ya shimfiɗa shafukan. Otis ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Faɗan yana nan da ransa, jikin mutanen yana nan, amma duk inda fuska ya kamata ta kasance, fili ne fari.

"Fuskokin fa?"

"Na bar maka, Mista Pell. In ka yarda."

Otis ya kalli yatsunsa karkatattu, ya kalli hannun da ke ɓoye cikin aljihun kwat.

"Ka nuna ni da yatsa, Dom. Ban manta ba, kuma ban ce na yafe ba."

"Na sani."

Otis ya tsoma buroshi a tawada, ya goge bakin buroshin a gefen kwalba.

"Matsa daga nan," ya ce, "kana tare min haske."

Darasi: Sau da yawa wanda kake rainawa shi ne yake tare maka masifar da ba ka ma san tana tafe ba. Idan na ƙasa da kai ya ja hankalinka, ka saurara kafin ka ɗaga hannu, domin girman kai yakan fara da karya mai kare ka, sannan ya bar ka kai kaɗai gaban abin da ka tsokano. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai wanda rular tana hannunsa yanzu haka.