Wuƙar Bindigar Ramzi

Ke Nahla, wa ya koya miki tambayar abin da ya hana babban mutum fita daga gidansa? Baki kamar gidan rediyo. To zauna ki ji, ke da sauran yaran nan, kuma kada ki katse ni.

Akwai wani mutum a unguwarmu nan Iskandariyya, sunansa Ramzi. Shi da amininsa Fahim ba su da aiki sai tara tsofaffin wuƙaƙen da sojoji ke ɗaurawa a bakin bindiga. Abin da ko albasa ba ya yankawa da kyau. Duk Juma'a bayan salla sai su hallara a shagon gahawa da sauran masu irin wannan ciwo, kowa ya baje nasa a tebur.

Ramzi ke da wadda ta fi kowacce, doguwa, ta mahaifinsa da ya yi soja. Shekara da shekaru kujerar tsakiya tasa ce.

Rannan Fahim ya zo da wata gajera. Ta soja ce da, aka ba 'yan sanda, suka rage mata tsawo suka buga mata hatiminsu. Irinta ba ta cika samuwa ba. Aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu, shayin Ramzi ya huce ba wanda ya dubi tasa.

Ramzi ya ce, "Wannan guntuwar? Matata na da irinta a kicin."

Fahim ya yi dariya. "To ka aro mana ita mu gani, ranka ya daɗe."

Ramzi ya koma gida, wake ma ya ƙi shiga bakinsa. Matarsa ta ce ya bar wa mutum abinsa, ya ce ba ta san komai ba. Ya ɗauki wuƙar ubansa ya kai wa maƙeri, ya sa aka datse ta, aka buga mata hatimi irin na 'yan sanda.

Juma'a ta zagayo, ya ajiye ta a tebur yana hura hanci. Kowa ya leƙo ya gani. Tsinin sai ƙyalli yake, ko makaho ya shafa ya san yankan jiya ne.

Fahim ya juya ta, ya ga harafin sunan mahaifin Ramzi a ƙotar. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗan uwa, me ka yi? Ni fa tun muna samari nake kishin wannan wuƙa. Gajerar nan na nemo ta ne don in samu abin ajiyewa kusa da taka."

Ramzi ya naɗe guntun a hankici ya fita. Har yau Fahim na zuwa ƙofarsa duk Juma'a, shi kuwa sai ya ce a ce ba ya nan.

Darasi: Mai hassada nasa yake fara lalatawa, na wancan kuwa yana nan lafiya lau. Ku gaya wa duk wanda kuka ga yana leƙen kwanon wani alhali nasa a cike.

Ku tashi haka nan. A wanke ƙafa, kowa ya nufi shimfiɗarsa, kada in ƙara jin motsin kowa.