Baoshan da Kurmin Kan Tudu

A ƙauyenmu na Shagou an yi wani shugaban gonar gama-kai, wato gonar da jama'a ke nomawa tare, mai suna Geng Baoshan. Jarumi ne wajen aiki, ba ya cin haƙƙin kowa, amma akwai shi da gaggawa da taurin kai.

Wata shekara ya tara jama'a ya ce za a sare kurmin kan tudu a shuka gero. Mahaifinsa, tsohon malamin makaranta da ya sha karatun littattafan magabata, ya miƙe yana dogara sanda.

"Baoshan, magabata sun koya mana cewa sama da ƙasa da mutum 'yan gida ɗaya ne. Saiwar itatuwan nan ce ke riƙe da tudun."

Baoshan ya yi dariya. "Baba, magabatan nan naka sun taɓa cika wa wani kwano? Yanzu zamanin talaka ne. Tudu ne zai bi umarninmu."

Aka sare kurmin. Geron farko ya yi kyau, har gunduma ta ba Baoshan jar tutar yabo. Da damina ta zagayo aka yi ruwa mai ƙarfi, tudun ya zaftaro. Laka ta binne gonaki da rumbun jama'a da garken tumaki. Da kunun dusa muka fita hunturun nan.

Duk da haka Baoshan ya sake kiran taro, ya ce a sare kurmin wani tudun kuma a mayar da asara. Tsohon bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, kullum kana cewa ƙasa ta kowa da kowa ce. To, jikokinka fa? Ba sa cikin kowa? Wa ya tambaye su kafin a cinye rabonsu?"

Baoshan ya sunkuyar da kai. Daga baya ya taka har gunduma, ya mayar da tutar, ya ce itatuwan tuffa zai dasa, ba gero ba. Jami'an gunduma suka tuɓe shi daga muƙami.

Ya dawo ya fara dashe shi kaɗai, yana hawa da ruwa a kafaɗa. Mata suna yi masa tsiya: "Sannu Shugaba! Yau tudun ya bi umarni?"

"Ni nake bin nasa, Inna. Ga guga nan idan bakinki ya gaji."

Suka yi dariya, amma suka ɗauka. Sannu a hankali ƙauyen duka ya hau tudu.

Yau tuffar Shagou har birni ake nemanta, rafinmu kuma garau yake gudu. A can sama muka binne Baoshan, kuma mu da kanmu muka sa wa tudun sunansa.

Darasin shi ne, adalci tsakanin mutane ba ya cika sai an yi wa ƙasa adalci, domin waɗanda ba a haifa ba suna da rabo a cikinta. Shugaban da ya gane kuskurensa ya gyara da hannunsa, shi ya cancanci a yi alfahari da shi.