Tsakuwar Kajin Gwaggo Tasalla

Ku gyara zama, jama'a. Wannan labari ba na gyangyaɗi ba ne, na gardama ne.

A Tudun Rairai, garin da za ka yini kana yawo ba ka taka dutse ba sai yashi, an yi wata tsohuwa, Gwaggo Tasalla, mai kaji wake-wake. Irinsu ta gada daga uwarta, uwar ma gado ta yi. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai 'ya'yan ƙanenta uku ke kula da ita: Delu, Jatau da Mati. Taurin kai kuwa, in ta ce a'a, ko liman sai ya haƙura.

Da damina ta sauka, aka yi shela kowa ya killace dabbarsa kada ta ci shuka. Gwaggo ta kewaye kajinta da zana a tsakar gida, tana watsa musu masara da dawa. Kafin wata biyu kaji suka fara ramewa. Ci suke kamar fara, amma ƙirji sai ƙashi. Biyu suka mutu. Nan da nan gari ya ɗauka, wai annoba ta shiga gidan Tasalla, mai unguwa ya aiko a yanka su duka a binne.

"Ku ce masa na ji," in ji Gwaggo. "Amma wuƙar da za ta taɓa kajin uwata sai ta fara bi ta wuyana."

Baki ne kawai ya rage mata, gwiwa ta daɗe da mutuwa, ita ma ta sani, abin kuma ya yi mata ciwo ƙwarai. Sai ta kira 'ya'yan ƙanenta ta ce duk wanda ya tserar da kajin, zakaran da ke riƙe da irinsu zai zama nasa. Shi ɗaya ne tal a cikinsu.

Delu ce ta ɗauki taɓarya ta tsaya a bakin zaure. Da mutanen mai unguwa suka zo suna cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta, ta ce a ba ta kwana bakwai, in ko ɗan tsakon maƙwabci ya mutu ita da kanta za ta wasa wuƙar. Suka tura, ta tura. Mata suka daina sayen ƙuli-ƙulinta, mijinta ya aiko ta koma gida, ta ce sai bayan kwana bakwai.

Jatau mahauci ne. Da kaza ta uku ta mutu, kowa ya ja da baya, shi ya ɗauke ta ya feɗe. Ya tsaga ƙundun, ya tarar da hatsi ɗungum cakuɗe da laushin yashi. "Gwaggo, ba cuta ba ce, yunwa ce," in ji shi. "Kaza ba ta da haƙori, da tsakuwa take niƙa a ƙundunta. Da, a kwari suke tsinto ta, yanzu kin tsare su. Yashi kuwa wucewa kawai yake yi." Gari ya yi masa dariya, wai ƙasa har ƙasa, me kaza ta rasa? Aka kuma ƙaurace wa namansa don ya taɓa mushe.

To, ina tsakuwa? Ruwa ya cika kwarin ya binne ta. Mati mahaƙin rijiya ne, ya san tana nan gaba bakwai ƙarƙashin yashi. Ya kuma san ba mai hankalin da ke haƙa a Tudun Rairai da damina. Ya haƙa. Yana cika buhu gefen ramin ya rufto masa har ƙirji. Da igiya aka jawo shi, buhun na hannunsa bai saki ba. Har yau da ɗingishi yake tafiya.

Ana zuba tsakuwar, kaji suka bar hatsi suka yi kanta. Ba wadda ta ƙara mutuwa. Ran na bakwai mai unguwa ya zo da kansa, ya leƙa zanar, ya ga kaji sun fara murmurewa, ya juya ya koma gida. Kashegari sai ga matarsa da ƙwarya, wai nasu ma sun fara ramewa. Gwaggo ta cika mata ita da tsakuwa, amma sai da ta tambaye ta sau biyu, da ƙarfi, ko a gidan annoba take son ɗiba.

Saura alkawari. Ba don Delu ba, da an binne kajin tun ranar farko. Ba don Jatau ba, da kwana bakwai sun ƙare ba a san ciwon ba. Ba don Mati ba, da an san magani ana kallon kaji suna mutuwa. Gwaggo ta zauna da zakara a cinya tana duban su ukun. Zakara ba ya rabuwa uku sai da wuƙa, ita kuwa kun ji abin da ta faɗa kan wuƙa.

To, ku da kuka ji da kunnenku, a hannun wa ya kamata ta sa zakaran nan?