Man Da Mai Shi Ya Ƙi Lasa

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye, ana ce mata Inna Rahila, wadda ta tsufa a kan sana'ar man kaɗanya. Ita ce shugabar matan da ke tsintar kaɗe da damina, su dafa, su shanya, su soya, su niƙa, su yi ta bugu har mai ya taso. Man nasu ake shafa wa jarirai bayan wanka, shi kuma masu jego ke shafa wa nono in ya tsage. Wahalar da yawa, ribar kuwa ba ta taka kara ta karya ba.

Wata rana wani ɗan kasuwa ya zo daga birni da farin gari cikin gwangwani marar rubutu. Ya ce zai riƙa sayen duk man da suka yi, muddin za su zuba garin a kowace ƙwarya tun mai bai daskare ba. Wai yana sa fata haske cikin mako guda, matan birni rububinsa suke yi. Mata suka hau murna, har wata ta fara zancen rufin kwano.

Inna Rahila ta tambaye shi abin da ke cikin garin. Ya yi dariya, ya ce sirrin sana'a ne, kuma ina ruwan tsohuwar da ba ta iya karatu ba da sunan magani. Maganar ta ƙona mata rai. Ta san in ta ƙi, ciniki ya tafi ke nan, matan kuma ba za su yafe mata ba, gama da yawansu marayu suke riƙo. Duk da haka ta lakaci nata man ta lasa a gabansa, don man kaɗe har miya ake yi da shi. Sa'an nan ta lakaci wanda ɗan kasuwar ya kwaɓa da garin don gwaji, ta miƙa masa yatsa.

"Ga shi, ɗana. Lasa."

Ya ja da baya. "Ai wannan na shafawa ne, Inna, ba na ci ba."

"To, jaririn da zai kama nonon da aka shafa wa wannan, wa zai gaya masa haka? Abin da ka hana harshenka ba zai shiga ƙwaryata ba. Ɗauki gwangwaninka."

Mutumin ya kwashe kayansa ya nufi wani ƙauye. Matan suka sauke ta daga shugabanci, waɗansu suka daina gaishe ta ko a ƙofar majami'a. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta ba kowa haƙuri ba. Da ƙanwarta ta tambaye ta ko ta yi nadama, sai ta ce ko gobe ya dawo, amsar ke nan.

Ma'anar wannan misali ita ce: man shi ne duk abin da muke ba mutanen da suka amince da mu, ko kayan sayarwa, ko shawara, ko koyarwa. Garin kuwa shi ne muguntar da ake ɓoye sunanta domin riba. Ku mata, in an miƙo muku mai aka ƙi faɗa muku abin da ke ciki, ku mayar. Fatar da Allah ya ba ku ba kuskure ba ce. Ku masu sana'a, abin da ba za ku shafa wa ɗanku ba, kada ku sayar wa ɗan wani. Kada kuma ku jira in ce muku Inna Rahila ta yi arziki daga baya. Ba ta yi ba. Ta rasa ciniki, ta rasa ƙawaye, amma babu jaririn da ya sha guba daga hannunta. A Ranar Shari'a wannan za a tambaye ta, ku ma shi za a tambaye ku.