Titin da Ke Jiran Suna

Ku matso kusa, ku gyara zama. Labarin yau ba na sauraro kawai ba ne, na gardama ne, in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci.

A wani babban gari akwai unguwa da ake kira Gawasa. Mai unguwarta wani dattijo ne, Malam Nadabo, mutum mai fara'a da son zaman ƙofar gida. Gawasa ba ta taɓa tsokanar kowa ba, fitina ce ta biyo ta har gida. An yi wani ƙaton titi da ya zagayo ta bayan gari, saura kamar mil ɗaya da rabi ya isa kasuwar hatsi, sai aikin ya tsaya. Kwalta ta ƙare a bakin wani lambu. Ba a daɗe ba direbobi suka gano cewa in suka karya kwana suka ratsa ta tsakiyar Gawasa, minti goma sun ɓulla kasuwa.

Shi ke nan, layin da mata ke shanya kuɓewa, yara ke wasan langa, ya koma hanyar tirela da tifa. Bango ya fara tsagewa. In liman ya tayar da sallar Azahar, na sahun baya sai dai su riƙa leƙen na gaba. Wata rana motar albasa ta ja da baya ta rushe rabin zauren Malam Nadabo, buhuna suka fashe, aka yi mako guda ba gidan da ya sayi albasa. Wannan dariya aka yi. Abin da ba a yi wa dariya ba shi ne ranar da naƙuda ta kama Atine matar tela. Aka sa ta a adaidaita-sahu, cunkoso ya riƙe su fiye da awa ɗaya, ta haihu a nan kan layi, mata sun kewaye ta da zannuwa. Allah ya sa uwa da ɗa suka tashi lafiya, amma ranar Malam Nadabo kasa cin abinci ya yi. Sau biyu yana rubuta takarda zuwa ofishin masu kula da hanyoyi, ko amsa bai samu ba. Ya tara jama'a ya ce, "Ni dai dabarata ta ƙare. Mai wata ya fito da ita."

Wadda ta fara fitowa ita ce Malama Saude, 'yar wan babansa, wadda ta yi shekara talatin tana shugabar makarantar firamare kafin ta yi ritaya. Washegari ta ɗauki darduma da butar shayi da hular da take ɗinki, ta tafi ofishin. Aka ce mata darakta yana mitin. Ta ce ba komai, ta shimfiɗa darduma a baranda ta kama ɗinki. Gobe ta dawo, jibi ta dawo. Zuwa goma sha ɗaya ta yi, har masinja ya fara ajiye mata wuri, har hular ta kusa ƙarewa. A zuwa na goma sha biyu daraktan ya ji kunya ya ce a shigo da ita.

"Hajiya, takardarku tana nan, ana dubawa," in ji shi.

"Ɗana, yau ba maganar takarda ta kawo ni ba. Dambu na zo gayyatar ka. Ran Alhamis da azahar, a gidana. Ka san ba a ƙin kiran tsohuwa."

Alhamis ita ce ranar kasuwa. Malama Saude ta aika aka gaya wa direbansa cewa ƙofar gidanta ba wurin ajiye mota, ya ajiye a harabar masallaci, tsallaken layi. Darakta ya sauko da babbar riga, ga gidan can yana kallo, taku goma sha biyar. Ya ɗaga ƙafa, tirela ta wuce. Ya sake ɗagawa, tifa biyu suka biyo. Iskar wata mota ta cire masa hula, ta bayanta ta bi ta kai. Malama Saude kuwa tana tsaye a can ɓangaren da kwano a hannu, can ta ɗaga murfin ta nuna masa ta mayar. Malam Nadabo yana ragowar zaurensa yana duba agogo: minti ashirin da biyar kafin bawan Allah ya haye, gumi sharkaf.

"Hajiya, kullum haka kuke?"

"A'a, yau da sauƙi. Zauna ka ci kafin ya huce."

Ya ci dambu, ta ba shi hular da ta ɗinka a barandarsa maimakon wadda mota ta take. Mako na zagayowa sai ga masu awo da sandunansu.

Masu awo suka gama, suka zo wa Malam Nadabo da labari mara daɗi. Hanya biyu ce kawai. Ɗaya ta cikin kwari, sai an yi gada, kuma ba a da halin gada bana ko baɗi. Ɗayar kuma ta tsakiyar lambun nan da kwalta ta ƙare a bakinsa. In mai lambun ya ƙi, ya kai maganar kotu, za a kwashe injina a kai su wani aikin, wa ya san ranar dawowarsu.

Mai lambun shi ne Lawandi, abokin Malam Nadabo tun suna makarantar allo. Mahaifinsa ne ya dasa itatuwan, mangwaro da gwaiba da lemo, sama da arba'in. Da su ya ci da iyalinsa, a ƙarƙashinsu yake wuni. Hukuma ta ce za ta ba shi wani fili a madadi, amma fili ne fetal, can nesa, ko kargo babu. Lawandi kuwa shekararsa sittin da takwas. Ya san ko yau ya dasa, ba shi zai sha inuwar ba. 'Ya'yansa suka ce kada ya yarda, har sun nemo lauya. Malam Nadabo ya je lambun sau uku don ya roƙe shi, duk zuwa sai ya kasa, su yi hirar duniya ya dawo.

A zuwa na huɗu Lawandi ne ya tare shi. "Nadabo, ka daina wahalar da takalminka. Na san abin da ke kawo ka. Jiya na je gidan tela na ɗauki yaron nan da aka haifa a kan layi. Ka ce musu su zo da takardar. Abu ɗaya nake so, su bar mangwaron ya nuna. Mako uku."

Aka ba shi mako uku. Da mangwaro ya nuna bai kai ko kwando ɗaya kasuwa ba, sai ya buɗe ƙofar lambun ya ce duk Gawasa ta shigo. Aka sha har aka gaji, mata suka kai wa dangi, ƙwallon mangwaro ya cika lunguna. Ranar da katafila ta zo, mutane suka ce ya zauna a gida. Ya ƙi. Ya tsaya daga gefe, Malam Nadabo na kusa da shi, suna kallo. Da aka zo kan wata tsohuwar bishiya ta kusa da rijiya, Lawandi ya ce a hankali, "Wannan ita ce mai zaƙin."

Wata bakwai aka gama titi, shimfiɗeɗe, baƙi wuluk, har bakin kasuwa. Aka yi bikin buɗewa, aka yanka ƙyalle, aka yi kiɗa. Washegari Malam Nadabo ya sa aka fito masa da kujera tsakiyar layi don ya sha kokonsa cikin natsuwa. Ko rabin kofi bai sha ba sai ga hon ɗin mota. Da ƙyar aka janye kujerar. Motocin nan kaf, kamar ba a yi komai ba, suna nan suna bi ta Gawasa. Aka kafa allon hani, suka riƙa wucewa ta gefensa. Aka turo ma'aikata suka tsare kwana biyu, suna tafiya aka dawo. Mutane suka fara cewa lambun Lawandi ya tafi a banza, maganar kuwa ta fi komai yi wa mai unguwa ciwo.

A nan ne Bagudu ya shigo. Shi mijin ƙanwar Malam Nadabo ne, ya yi shekara talatin da biyar yana jan babbar mota kafin gwiwa ta zaunar da shi. Kowa ya sani, shi ma bai taɓa musu ba, yana cikin direbobin farko da suka gano ratsen Gawasa. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba taurin kai ne ke kawo su ba. Na bi sabon titin nan da ƙafa. Ba mai tuwo, ba mai faci, ba ruwan alwala, ba inuwar da mutum zai miƙe baya. Wanda ya kwana biyu a hanya, inda zai ci ya yi salla can zai nufa. Duk waɗannan kuwa a bakin layinmu suke."

Ya je wajen Uwani mai tuwo, wadda direbobi ke yi wa layi, ya ce ta koma sabon titi. Ta ce ita ba za ta kai tukunyarta daji ba. Ya koma, ya sake komawa, har ta ce in akwai rumfa za ta gwada mako ɗaya. Bagudu ya cire kwanon rufin ɗakin da yake ajiye kayansa, ya kafa rumfa uku a gefen titi, ya share wurin salla, ya ajiye randuna. Ya lallashi mai faci da mai shayi suka bi Uwani. Sannan ya ɗauki jan tawul ya tsaya a daidai kwanar da ake karyawa zuwa Gawasa, da gwiwar nan tasa, cikin rana. Duk motar da ta taho ya san mai ita, in bai san shi ba ya san wanda ya koya masa tuƙi. "Kai Ɗan Asabe! Miƙe! Uwani tana gaba, yau miyar taushe ce!" Wasu suka yi dariya suka miƙe. Wasu suka zage shi, suka ce ya ci amanar sana'a, wani ma ya watsa masa ruwan kwata da taya. Kwana goma sha tara ya yi a wurin. A na ashirin ya zo da tawul ɗinsa ya tsaya har hantsi, ba motar da ta ko rage gudu a kwanar.

Gawasa ta yi tsit. Mako na farko wasu tsofaffi har ƙorafi suka yi wai shirun ya yi yawa. Malam Nadabo ya gyara zaurensa, ya ƙara masa dakali, ya koma zaman ƙofar gida, yana amsa gaisuwar na tsallake ba tare da ɗaga murya ba.

Yana cikin wannan jin daɗin sai ga takarda daga ofis. An ce tunda mutanen Gawasa ne suka tsaya aka yi aikin, an ba su dama su zaɓi wanda za a sa wa titin sunansa, mai unguwa ya ba da suna zuwa ran Juma'a. Malam Nadabo ya rubuta sunaye uku ya aika. Aka dawo masa da ita, aka ce ƙa'ida suna ɗaya ne. Ya kira su ukun. Malama Saude ta ce, "Nadabo, ni me zan yi da titi?" Lawandi ya ce duk wanda aka ba daidai ne. Bagudu ya ce shi ina shi ina shiga gaban manya. Amma mai unguwa ya lura ba wanda ya ambaci sunan wani a cikinsu, kuma ba wanda ya yi saurin tashi.

Unguwa kuwa ta rabu uku. Mata suka ce ba don Malama Saude ba, da har yau takarda na cikin durowa, ba wanda zai zo ya nemi lambu balle a yi maganar direbobi. Aka ce musu ita ai ba ta rasa komai ba sai kwanon dambu da hula ɗaya. Dattawa suka ce Lawandi ne kaɗai ya ba da abin da ba zai dawo ba, titin ma a kan gumin mahaifinsa yake kwance. Aka ce musu shi sa hannu ɗaya ya yi, kuma an ba shi wani filin. Matasa da 'yan kasuwa suka ce titin da mota ba ta bi ba shanyar barkono kawai za a yi a kansa, Bagudu ne ya mai da shi titi. Aka ce musu wanda ya taya aka ɓata, in ya gyara ai nauyinsa ya sauke.

Ga Malam Nadabo nan zaune a dakali ran Alhamis da la'asar, takarda a kan gwiwa, biro a hannu. Ɗaya yayarsa ce, ɗaya amininsa, ɗaya surukinsa, kuma gobe da safe za a zo karɓa.

To jama'a, na miƙa muku biron. Tsakanin Saude da Lawandi da Bagudu, sunan wa ya fi cancanta a rubuta a allon titin nan?