Ya Ƙi, Ba Yaƙi Ba

Masu ba da labari sun ce a garin Kwargwaba an yi wani sarki da ake kira Barmo, mutum mai fara'a, mai son yabo kamar me. Shekararsa goma sha ɗaya a kan gado, ba fari, ba annoba, ba wanda ya ko harare shi. To, zaman lafiyar nan shi ya zame masa ciwo. Duk Juma'a in maroƙi ya ɗauko kirarin kakanninsa, sai ka ji wane ya ƙone gari kaza, wane ya kori dakaru dubu. In an zo kan Barmo, sai maroƙi ya yi tari, ya ce, "Barmo na Allah, mai kyakkyawan rawani," ya yi shiru. Abin yana ci wa Sarki rai ƙwarai.

Ana nan sai mutanen Dutsen Gawo, maƙwabtansa, suka hau wata kuka da ke kan iyaka suka tsige ganyenta kaf. Da labari ya zo, maimakon fushi sai daɗi ya kama Sarki. Ya sa aka yi shela, gobe da hantsi kowane baligi ya hallara ƙofar fada da kwari da baka. Ga shi kuwa ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙu, mata sun fiddo iri. In maza suka bar gari a makon nan, shukar bana ta wuce su.

A kan rimin da ke tsakar fada akwai wata tsohuwar shamuwa da ke sauka kowace shekara gab da damina. Tun zamanin mahaifin Barmo take zuwa, Allah ya hore mata magana irin ta mutane, Sarki kuwa Iya yake ce mata. Washegari da sassafe, ana cikin ɗaura wa Sarki layu a damtse, sai ta diro gabansa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na kawo muku ruwa, na tarar kuna wasa takobi. Lafiya?"

Sarki ya ce, "Lafiya lau, Iya. Suna zan je nema. Na gaji da a ce rawanina ne kaɗai abin faɗa."

Shamuwa ta ce, "Af! A yaƙi ake samun sa? Ni da nake yawon duniya, muna haɗuwa da tsuntsayen ƙasashe a bakin ruwa muna taɗi, na ji yaƙe-yaƙe sun fi gashin jikina. Akwai garuruwa biyu na Turawa da suka gwabza, masu nasara suka koma gida da gugan rijiya. Akwai inda ƙasashe biyu suka ja daga saboda alade ya ci dankalin wani. Akwai ma inda sojoji suka fita da bindigogi yaƙar wasu tsuntsaye masu kama da jimina, tsuntsayen suka kunyata su, kuma wallahi wannan ya fi kowanne yi mini daɗi. Ka taɓa jin ko ɗaya?"

Sarki ya yi dariya ya ce, "Ban taɓa ba. Amma waɗannan ai na nesa ne."

"To, bari in ba ka na kusa, na masu irin harshenku, wanda kalma guda ta haddasa."

Sarki ya ɗaga wa mai ɗaura layu hannu ya dakata, ya ce, "Yaya aka yi, Iya?"

Shamuwa ta gyara fiffike ta ce:

"Allah ya ba ka nasara, can gabas akwai wani sarki da zaurensa ya tsage. Ya aiki manzonsa Tankari wurin sarkin tsallaken kogi, a ba shi aron wani gwanin magini. Sarkin tsallake ya ce a yi haƙuri, maginin kurkunu ya kama shi a ƙafa, ko tsayuwa ba ya iyawa. Tankari ya juyo. Tun yana can nesa, Sarkin Ƙofa, wani tsoho mai nauyin kunne, ya hango shi daga kan ganuwa, ya ƙwala masa kira, 'Me ya ce?' Tankari yana haki ya ɗaga murya ya ce, 'Ya ƙi!' Tsoho ya ji 'Yaƙi!' Nan take ya rufe ƙofar gari, ya bar Tankarin a waje yana ta bugu.

"Kafin a buɗe masa, an buga tambari, an ɗaura sirdi, maroƙa sun fara zuga sarki da sunayen da bai taɓa ji ba. Tankari ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, 'Zaki, cewa na yi ya ƙi. Maginin ne ba lafiya.' Sarki ya dubi taro, ya saurari zugar nan, ya ji ba zai iya sauka daga doki ba. Ya ce, 'Ƙin ma ai raini ne. Mu tafi!'

"Suka isa bakin kogi, inda wani dattijo mai fito, Anaruwa, yake ƙetarar da mutane. Da ya ji abin da ya fito da su, ya riƙe baki, ya ce, 'Ranka ya daɗe, kafin a gama loda kaya, ka bari in gaya maka yadda kakannina suka yi nasu yaƙin.' Sarki ya ce, 'Faɗi, amma ka gaggauta.' Anaruwa ya jingina da sandar tuƙi ya ce:

"'Mu asalinmu masunta ne na Tungar Bawa. Wata shekara muka yi rigima da mutanen Tungar Jibo a kan wani gurbi mai kifi. Manya suka fusata, aka aika wa juna da kibiya, alamar yaƙi ke nan. Sai aka ce to, yaushe? Namu suka ce a bari a gama su, wato kamun kifi, don kifi ba ya jira. Aka gama su, nasu suka ce a bari a gama banda, kada kifin ya ruɓe. Aka gama banda, ruwa ya cika. Ruwa ya janye, sai ga bikin 'yar Sarkin Ruwanmu, kuma makaɗan kirki duk a Tungar Jibo suke, dole aka gayyato su. Kai, in taƙaice maka, shekara saba'in!

"'Ran nan kakana yana sauya jinkar ɗaki, sai ga tsohuwar kibiya a soke cikin ciyawa. Aka yi ta tambaya, ba wanda ya san ta, sai wata tsohuwa da ba haƙori ko ɗaya a bakinta. Ta ce, "La ilaha! Ai yaƙi muke yi da Tungar Jibo!" Ita kanta kuwa 'yar Tungar Jibo ce, aure ya kawo ta. Aka tara tungayen biyu, kowa ya dubi abokin gabarsa, sai ya ga suruki ne ko kawu. Aka ce a ƙirga waɗanda suka mutu don a san wa ya ci, aka tarar ba ko ɗaya. Namu suka ce mu muka ci, nasu suka ce su ne. Har yau kowace tunga tana bikin nasararta, kuma kowa yana zuwa cin tuwon ɗan'uwansa. Ranka ya daɗe, wannan ne kaɗai yaƙin da na sani wanda kowa ya ci.'

"Sarkin nan ya yi dariya har da hawaye, ya ce, 'Yaƙin masunta ke nan.' Ya sa aka ƙetarar da su. Aka kara daga hantsi zuwa azahar, sai hadari ya taso, kowa ya nemi gida. Mutum goma sha ɗaya suka kwanta dama. A cikinsu har da gwanin maginin, don faɗan ya tarar da shi a ƙofar gidansa, da kowa ya watse kuwa shi bai iya gudu ba. Anaruwa ya yi ta jigilar masu rauni, na nan da na can, yana kuka. Zauren kuwa a daminar nan ya rushe. Ka ji, ranka ya daɗe, yadda mai neman suna ya kashe wanda zai gyara masa ɗaki."

Sarki Barmo ya juya ya dubi ƙofa. Daga waje yana jin hayaniyar maza sun fara taruwa. Mutuwar maginin ta taɓa shi, amma zuciyarsa ba ta saki ba tukuna. Ya ce, "To, Iya, ya yi wauta, na yarda. Amma ai ga shi kina ba da labarinsa. Yaya sunansa?"

Shamuwa ta ce, "Oho."

"Kamar yaya oho?"

"Na sauka a garin nasa, a kan kangon zauren ma na huta. Na tambayi tsofaffi, wani ya ce Audu ne ko Dauda, wani ya rantse ba a taɓa yin yaƙi a wurin ba. Iyalan mutum goma sha ɗayan nan ne kaɗai suka riƙe abin, su ma sunan mamatansu suka riƙe, ba na sarki ba. Amma ka je bakin kogin ka tambayi kowa, zai ce maka nan ne Mashigin Anaruwa."

Sarki ya dubi layun da ke damtsensa, kunya ta rufe shi, sai kuma dariya ta ƙwace masa. Ya ce, "Iya, kin gama da ni. Na ji, na kuma karɓa." Ya kwance layun da hannunsa, ya fita ƙofar fada.

Maza ɗari uku suna tsaye da kwari da baka, rabinsu idonsu na kan gonaki. Sarki ya ce, "Jama'a, ƙasa ta jiƙu. Kowa ya je ya ɗauki sungumi, kada in ga mutum a gari kafin la'asar."

Aka dubi juna, sai guɗa ta tashi daga bayan katanga. Sarkin Yaƙi, wanda ya sha ɗamara har ba ya iya sunkuyawa, ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, to yaƙin fa? In an tambaye mu, me za mu ce?"

Sarki Barmo ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Wane yaƙi?"