Bangon da Haladu Ya Ɓata

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari can da daɗewa, tun ba a san siminti ba balle kwanon rufi. Sunansa Haladu, masaƙi ne. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba ne, in ya shigo masallaci ma ba wanda ke gyara zama dominsa. Wani bawan Allah ne kawai, irin waɗanda sai sun mutu ake tuna ashe ba su taɓa ɓata wa kowa rai ba. To ku matso ku saurara, na baya ku bar hirar nan.

Haladu yana zaune a gidan da ya gada wurin mahaifinsa, shi da matarsa Lantana, da mahaifiyarsa da suke kira Inna. Gida ne tsoho. Bango ya tsage, gara ta ci azara, ruwan damina ya zaizaye gindin katanga har kaji na shiga suna fita ba sai ta ƙofa ba. Kuma tun asali ma ba a gina shi a miƙe ba, don mahaifin Haladu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ƙara ɗaki duk lokacin da ya ga dama. Nan lungu, can tudu, can wani ƙusumbi a jikin bango wanda ba wanda ya san dalilinsa.

Ita Inna makauniya ce, idonta ya tafi tun Haladu yana saurayi. Amma da za ka gan ta a cikin gidan nan, ba za ka yarda ba. Ba ta riƙe sanda, ba a yi mata jagora. Za ta fito daga ɗakinta, ta ɗora hannu a bango, ta bi shi har bakin randa, ta wuce makewayi, ta dawo ta yi alwala, ta biya madafi ta ce wa Lantana miyar nan gishiri ya yi kaɗan, tun ba a sauke ba. Inda hannunta ke bi, yau da gobe, har ya yi kwari a jikin bangon, ya yi sulɓi, ya yi baƙi.

Kuma ku riƙe wannan: Haladu ɗan fari ne. Kun dai san iyayenmu na da da kunyar ɗan fari. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta roƙonsa komai. In tana da magana sai ta ce wa Lantana, "Ki ce wa mijinki." Ko yana tsaye a wurin haka za ta ce, shi kuma ya tsaya ya jira Lantana ta maimaita masa abin da kunnensa ya riga ya ji.

To da kaka ta wuce wata shekara, Haladu ya dubi gidan nan ya ce wa matarsa, "Lantana, in muka bar gidan nan ya sha wata damina a haka, a kanmu zai kwanta."

Ta ce, "To ka kira magina mana."

Ya ce, "Ga magini a gabanki."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Allah ya rufa asiri."

Haka ya fara. Ba su da wani gidan da za su koma, don haka a ciki suke, a ciki ake aiki. Da safe ya yi saƙarsa, da rana ta yi sanyi ya tafi kududdufi ya haƙo ƙasa, ya kwaɓa da ciyawa, ya tattake da ƙafa, ya yi tubali ya shanya. In ya cire rufin wannan ɗaki, su kwashe kaya su koma wancan. In ya zo kan wancan, su koma zaure. Tukwane a tsakar gida, tabarmi a kan igiya, akuya ta rasa inda za ta kwanta sai kan tubalin da bai bushe ba. Lantana ta riƙa cewa, "Malam, ci tuwonka a hankali, rabinsa gidanka ne." Shi kuwa sai ya yi dariya ya tauna ƙasarsa.

Bangon farko da ya ɗaga, ya faɗi. Bai yi fushi ba, ya sake. A hankali hannunsa ya faɗa, har ya zama in ya yi yaɓe sai ka ce ɗan gado. Da ya ga ya iya, sai ya ce ai ba gyara kawai zai yi ba, miƙar da gidan zai yi gaba ɗaya. Ya sare ƙusumbin nan na jikin bango. Ya baje tudun tsakar gida. Ya toshe lungun da ake bi zuwa makewayi, ya buɗe sabuwar hanya miƙaƙƙiya ta ɗaya gefen. Kwarin nan mai baƙi da ke bin bango, ya cike shi, yana cewa a ransa, wannan datti ya daɗe yana ba ni kunya. Sannan ya jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake shafa wa gini don ruwa ya zame, ya bi gidan duka ya shafe sumul.

Kuma wallahi don Inna ya yi. Ɗakinta ya fara gyarawa, ita ya ba azara mafi kyau. Yana baje tudu yana cewa, yanzu ba abin da zai sa Inna tuntuɓe.

Mutane suka fara tsayawa a ƙofar gida suna kallo. Wani ya ce, "Haladu, ashe kai magini ne kake ɓata lokaci a saƙa?" Ya ji daɗi. Ɗan Adam ne, ya ji daɗi ƙwarai, har in ya dawo daga masallaci sai ya ɗan tsaya daga nesa ya kalli gidansa kafin ya shiga.

To ku saurara, nan ne maganar take.

Inna ta daina fitowa. Lantana ta ce, "Inna, ba za ki fito ki sha iska ba?" Ta ce, "Ƙafa ce ke ciwo." Aka kai mata ruwan alwala ɗaki. In dole ta kama, sai Lantana ta riƙe hannunta ta kai ta makewayi, ta tsaya ta jira ta, ta dawo da ita. Tsohuwar da ba a taɓa yi wa jagora a gidanta ba, yau surukarta ce ke tsaye tana jiranta a bakin makewayi. Sai ta rage cin abinci, sannan ta rage shan ruwa. Ga bazara ta shigo, zafi kamar a bakin murhu, amma moɗar da aka ajiye mata da safe, haka za a ɗauke ta da yamma.

"Inna, ki sha ruwa mana."

"Ba na jin ƙishi."

Ta fara ramewa, leɓenta ya bushe, muryarta ta yi ƙasa. Haladu hankalinsa ya tashi. Ya nemo saiwa, ya nemo rubutu, ta ɗan kurɓa don kar a ce ta ƙi, ta ajiye. Ya rasa gane ciwon.

Ran nan da rana yana kan soro yana gyaran indararo, Lantana ta tafi gidan suna. Gida ya yi tsit, Inna ta ɗauka ba kowa. Sai ya ga tabarmar ƙofar ɗakinta ta motsa. Ta fito a hankali, ta ɗora hannu a bango daidai inda ta saba. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ba ta ji komai ba sai sulɓi. Ta ɗan taka, tana laluben ƙusumbin da ke gaya mata ta juya, babu shi. Ta saki bangon, ta miƙa ƙafa tana neman tudu, babu tudu. Ta tsaya a tsakiyar tsakar gida, cikin rana, hannuwa a miƙe, tana juyawa. Gidan da aka kawo ta tana amarya, gidan da ta haife shi a ciki, yau ta ɓata a cikinsa, ta rasa makewayi, ta rasa ƙofar ɗakinta. Kuma ba ta kira kowa ba.

A nan Haladu ya gane. Ba ciwo ba ne. Ta daina shan ruwa ne don kar a riƙa jan ta zuwa makewayi. Kuma ba za ta taɓa faɗa ba, don ta ji yadda ya wahala, ta ji yadda ake yabonsa, kuma shi ɗan fari ne. Ya zauna a kan soron nan hawaye na zuba a kan ƙasar da ke hannunsa.

Da ni ne, ko kai da ke kallona, da mun diro mun ce, "Inna, ga ni, kawo hannu." Shi bai yi haka ba, don ya san in ta gane ya gan ta a wannan hali, kunyar za ta fi mata ƙishin ciwo. Ya lallaɓa ya sauka ta bayan gida, ya zagayo ta zaure, ya yi tari, ya yi sallama da ƙarfi kamar mai dawowa daga kasuwa. Ya je bakin ɗakinta ya buga tabarmar ƙofa kamar yana kakkaɓe ƙura. Ta ji inda ƙarar take, ta bi ta, ta shige.

Da Lantana ta dawo ya gaya mata abin da ya gani, ya ce zai mayar da gidan yadda yake a da. Ta ce, "Malam, hadari ya fara haɗuwa a gabas. In ka fasa makubar nan yanzu, ruwa zai sami bangon a buɗe."

Ya ce, "Bango in ya faɗi na san yadda ake tayar da shi."

Washegari ya ɗauki gatari ya sa wa aikinsa. Ya fasa inda ya toshe, lungu ya dawo. Ya toshe sabuwar hanya. Ya tara ƙasa a tsakar gida ya daɓe, tudu ya dawo. Ya kwaɓa ƙasa ya manna ƙusumbi. Sannan ya kankare makuba daidai ƙugu, tun daga ƙofar Inna har randa, har makewayi, har madafi, ya shafa ɗanyar ƙasa mai laushi. Amma kwarin hannunta, bai san yadda zai mayar ba, don ba shi ya yi shi ba.

Ya ce wa Lantana, "Ki ce wa Inna ina roƙon alfarma. Yaɓen nan ban yarda da shi ba, idona ba ya gane inda ya yi kauri. Ta taimaka ta bi shi da hannu tun bai bushe ba, ta danna sosai."

Lantana ta riƙo ta suka fito. Inna ta sa yatsu a ɗanyar ƙasa, ta taka, yatsun na nutsewa suna barin layi. Ta yi taku kaɗan sai hannunta ya ci karo da ƙusumbi. Ta tsaya. Ta shafa shi, ta sake shafawa. Ta zare ɗaya hannunta daga na Lantana, ta juya da kanta, ƙafarta ta sami tudu, ta bi lungu, ta je ta dawo. Haladu na tsaye gefe da ƙasa har gwiwar hannu, ko numfashi mai ƙarfi ba ya yi.

Ta ce, "Lantana, ki ce wa mijinki ƙusumbin nan na da ya fi wannan girma."

Ya ce, "Ki ce mata za a ƙara."

Ta goge hannu a zaninta. Ta ce, "Ki ce masa Allah ya yi masa albarka. Ke kuma ciko min moɗa, ƙishi nake ji." Ta shanye, ta miƙa aka ƙaro.

Ruwa ya sauka kafin ƙasar ta gama bushewa, gefe ɗaya ya zaizaye, ya sake yaɓawa. Gidan bai sake yin kyau ba. Waɗanda suka yabe shi jiya suka dawo suna dariya, suna cewa masaƙi ya gyara gida da dama ya ɓata da hagu. Wani abokinsa ya tare shi ya ce, "Haladu, me ya same ka? Wa ke gina ƙusumbi da gangan?" Ya ce, "Haka na fi son shi." Har ya bar duniya bai gaya wa kowa dalili ba, don dalilin sirrin mahaifiyarsa ne. Sai bayan ransa Lantana ta ba da labari.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Alheri ba abin da ya burge ka ba ne, abin da ya amfani wanda ka yi wa ne. Haladu da niyya mai kyau ya kusa kashe uwarsa da ƙishi, kuma abin da ya cece shi, da ya gane bai tsaya kare aikinsa ba, bai tsaya jin me za a ce ba.

Yanzu ku dubi gidajenku. Allah ya buɗa maka, ka rushe ɗakin tsohuwa ka zuba tayil mai santsi, tana takawa tana salati. Ka ɗaga matakala, ka sa makewayin da ba ta iya zama a kai, ka kwashe tsofaffin kwanukanta ka ce tarkace ne, ka mayar da ita ɗakin baya inda ba ta jin sallamar kowa. Kana ta gaya wa mutane ka gyara wa Hajiya wuri. Ka tambaye ta? In ka tambaya za ta ce, "An gode, Allah ya yi albarka," don iyayenmu ba sa ƙorafi. Kada ka tsaya a kan abin da bakinta ya faɗa. Ka duba ko tana fitowa, ko tana ci, ko tana sha, ko ƙawayenta na zuwa har yanzu. In ka ga abin da ka yi ya takura ta, ka rushe shi, ko nawa ne mutanen da suka yaba.

Wanda nasa ke raye, in an tashi daga nan ya je ya duba su yau, kada ya bari sai gobe. Wanda nasa suka riga mu, ya ɗaga hannu tare da ni. Allah ka jiƙan waɗanda suka sha wahalarmu suka yi shiru, ka ba mu idon ganin abin da ba za su faɗa ba.